Sai Masu Gida: Tsadar ɗan wasa ba ita ke cin ƙwallo ba

Da zarar an rufe kakar wasa, damina ta kankama, hira a majalisu da teburan mai shayi na cikin birnin Kano, daga Yakasai zuwa Mandawari har Ƙofar Mata, takan koma kan abu ɗaya: wa Kano Pillars za ta ɗauko bana, kuma nawa za ta kashe?

Kafin ku shiga wannan musu, ku san inda kuɗin ke tafiya. Akwai abin da ake biyan ƙungiyar da ɗan wasa ya baro, akwai kuɗin sa hannu da shi kansa yake karɓa, sannan ga albashi duk wata. Pillars, wadda aka kafa a 1990, mallakar gwamnatin jihar Kano ce. Ke nan dukiyar jama'a ake kashewa, daga asusun da ake gina azuzuwanku. Don haka kuna da haƙƙin tambayar ko cinikin ya yi riba.

To amma da me ake auna ribar? Mu duba labarin Ahmed Musa. Lokacin da ya zo Pillars daga Jos, yaro ne sa'an 'yan ajin ƙarshe na sakandare, ba kowa ya san shi ba. A kakar 2009/2010 ya zura ƙwallo 18, ya fi kowa a gasar Najeriya, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan.

A 2016 Leicester City ta Ingila ta saye shi daga CSKA Moscow kan sama da fam miliyan 16. Sai dai ƙwallo 2 kacal ya ci mata a gasar Firimiya. Kocin da ya ɗauko shi, Claudio Ranieri, an sallame shi a Fabrairun 2017, daga baya aka mayar da Musa Rasha a matsayin aro. Ƙafarsa ce ta mutu? A'a. A gasar cin kofin duniya ta 2018 shi ya zura wa Iceland ƙwallo 2. Ɗan wasa ɗaya ne, abin da ya bambanta shi ne tsarin wasa, amincewar koci da yawan damar da aka ba shi.

Shi ya sa masana ke cewa a bar koci ya zaɓi mutanensa. Shi ya san inda ƙungiya ke yoyo, ko baya ne, ko tsakiya, ko gaba. Idan wani babba ya cusa masa ɗan wasa don suna ko alfarma, ranar da aka sha kashi wa za a tuhuma? In kuwa an ba shi wuƙa da nama, to a ba shi lokaci, sannan a yi masa hisabi da sakamako.

Tarihin Pillars ma ya nuna amfanin haƙuri. Kofunan gasar da ta ɗauka a jere a 2012, 2013 da 2014 sun samu ne da 'yan wasan da suka daɗe tare, irin su Rabi'u Ali da Gambo Mohammed. Suna kaɗai bai hana ta faɗawa rukunin ƙasa a 2022 ba, sai a 2023 ta dawo.

Ku ma kuna da rawar takawa. Idan kun je filin wasa na Sani Abacha, sabon ɗan wasa ya ɓarar da ƙwallo a wasansa na farko, kada ku bi sahun masu ihu da jifa. Baƙo ne, bai gama sanin abokan wasansa ba, wataƙila ko Hausa bai iya ba. Jifa kuwa tara take jawo wa ƙungiya, wani lokaci har da rage maki. Ku ƙirga wasanninsa goma tukuna, ku duba abin da ya ƙara wa ƙungiya, sannan ku yanke hukunci. Sannu ba ta hana zuwa.