Dajin da ke Kwance a Ƙarƙashin Gona

Duk shekara da damina ta kankama sai a shirya bikin dashen itatuwa. Manya su zo da jerin motoci, a dasa ɗan itace ɗaya a gaban 'yan jarida, a zuba masa ruwa, kowa ya watse. Kafin kaka akuya ta gama da shi, wanda ya tsira daga bakinta kuma rani ya ƙone shi. Haka aka yi ta fama a yankin Sahel tun bayan farin shekarun 1970, ana kashe kuɗi a wuraren renon itatuwa, hamada tana ci gaba da matsowa.

Abin da ya yi aiki a ƙarshe daga gonakin Maraɗi ta ƙasar Nijar ya fito. A 1983 wani masanin noma ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dashen da ba ya rayuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da ke warwatse a gonaki, waɗanda manomi ke sassabewa ya ƙone kafin shuka, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tun da daɗewa. Saiwarsu tana nan da rai, ta yi nisa cikin ƙasa inda danshi yake. Saboda haka ba a bukatar iri ko ban ruwa. Manomi zai zaɓi reshe biyu zuwa biyar mafiya ƙarfi a kan kututture, ya yanke sauran, ya rage musu rassan ƙasa, ya kare su daga dabbobi da wuta. Da yake saiwar ta riga ta girma, cikin 'yan shekaru sai a ga itace tsaye. Manoman yankin suna kiran wannan aiki sassaben zamani, kuma wuƙa ko lauje ya wadatar.

Da farko an yi wa masu yin sa dariya, don a wancan lokaci gona mai tsabta ita ce wadda ba a bar ko kara a cikinta ba. Lokacin yunwar 1984 aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona, da tallafin ya ƙare kuma da yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari su ne suka zama abin kallo: iskar farkon damina ba ta binne musu shuka da rairayi, ga makamashi a kusa, ga abincin dabbobi.

Gawo ya fi kowane itace jan hankali a nan. Shi dai da damina yake zubar da ganye, lokacin da gero ke bukatar rana, sai rani ya yi ya cika da ganye. Ganyen da ya zuba taki ne, 'ya'yansa kuwa awaki da shanu suna rububinsu, suna hutawa a inuwarsa suna barin kashi a gindinsa. Kowane tsohon manomi ya san geron gindin gawo ya fi zangarniya. Ga kuma sabara da kalgo da aduwa da magarya. Da masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka kwatanta tsofaffin hotunan sama da na tauraron ɗan Adam, sun ƙiyasta cewa itatuwa kusan miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin kimanin hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram.

A ganina, sirrin yana ga tambayar wa ke da itacen. Tun zamanin mulkin Faransa doka ta mai da itatuwa mallakar hukuma, manomi na iya shan tara idan ya taɓa itacen da ya tsiro a gonarsa. To wa zai reni abin da zai jawo masa ma'aikacin gandun daji? Sai da aka sassauta dokar, manomi ya tabbata idan ya rene shi zai ci moriya, sannan aikin ya yaɗu daga maƙwabci zuwa maƙwabci. Nijar ta sabunta dokar gandun daji a 2004, a 2020 kuma ta fito da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya rena. A ƙauyuka irin su Ɗan Saga da ke yankin Aguye, mutane sun kafa kwamitin tsaron itatuwa, da mata da makiyaya a ciki, don wanda ba a zauna da shi ba shi zai zo da gatari da dare.

Nijeriya kuwa ta kafa hukumar aikin koriyar ganuwa, wato shirin tare hamada da itatuwa, a 2015, tana aiki a jihohi 11 na arewa, ta kuma yi dokar sauyin yanayi a 2021. Sai dai muddin gas ɗin girki ya fi ƙarfin talaka, murhu zai ci gaba da neman itace da gawayi, kuma hana sara da baki ba ya dafa tuwo. Rassan da ake ragewa a sassaben zamani suna ba gida makamashi ba tare da an kayar da itacen ba, idan aka haɗa da murhu mai tattalin wuta sai bukatar ta ragu. Gonakin Daura da Maigatari da Machina ƙasa ɗaya ce da ta Maraɗi da Damagaram, kututturen ma iri ɗaya ne. Abin da ya rage ga ƙananan hukumomi da masu gari su warware shi ne matsayin mai noman aro ko haya, wanda ke tsoron idan ya reni itace mai gona zai karɓe abinsa.