Ƙwayar teku mai haske da ruwan shan ƙasar Katagum

Duk wanda ya ratsa fadamun Sakwa lokacin noman rani ya san yadda ake yi. Manomi ya gama feshi, ya sauko bakin ruwa ya ɗauraye tankinsa, can gaba kaɗan kuma yarinya tana cika jarka. Ruwan garau yake a ido. To, ido ba mudu ba ne, kuma guba ba ta cika sauya launin ruwa ba.

A cikin teku akwai wata ƙwayar bakteriya, Aliivibrio fischeri, wadda aka raɗa wa sunan Bajamushen masani Bernhard Fischer. Ikon Allah, haske take fitarwa, shuɗi mai ratsin kore, kuma hasken yana tafiya ne tare da numfashinta. Muddin tana cikin ƙoshin lafiya sai ta yi ta ƙyalli. Da zarar guba ta taɓa ta, numfashin ya raunana, hasken ya dushe.

A kan wannan ɗabi'a aka gina gwajin Microtox a Amurka a ƙarshen shekarun 1970, daga baya hukumar ISO ta ba irin wannan gwaji lamba 11348. Ƙwayoyin a busar suke zuwa cikin 'yar kwalba. A farfaɗo da su, a sa wa ruwan da ake zargi gishiri kashi 2 cikin 100, tunda 'yan teku ne, a haɗa su a sanyin digiri 15. Bayan minti 15 ko 30 na'ura ta auna yawan hasken da ya ragu. Tsohuwar hanyar gwaji da kifi kwana huɗu take ci.

Sai dai a yi hattara. Gwajin ba ya faɗin sunan gubar, kuma ba ya gano kwalara, duk da cewa ƙwayar da ke haddasa ta dangin wannan ce. Aikinsa na mai gadi ne, ya yi kururuwa a zo a bincika. Yana kuma buƙatar firji, wanda a nan sai da sola.

Ni dai a ganina wannan bai fi ƙarfinmu ba. Ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare, ga Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau, ga kogin Jama'are a kusa. Malamanmu, ku tura ɗalibai su riƙa ɗebo ruwan kogi da na rijiyoyin Sakwa da Katagum rani da damina, a auna, a kuma gaya wa masu shan ruwan sakamakon da Hausa.