Masu Gaton Sabon Gari: Wuta Ƙasa, Wuta Bisa

Gashin gato a Sabon Garin Maraɗi sana'ar cikin gida ce. Yawanci ba allo a ƙofa, ba tebur a bakin titi. Ƙanshin bota da ƙwai ne ke tsallake katanga ya sanar da lungu cewa akwai buki ko suna nan kusa. Mata ne suka fi riƙe ta, kuma kasuwarsu ta baki ce: wadda ta ci a bukin ƙawarta ta ji daɗi, ita ke tambayar hannun wa ya fito. Yanzu WhatsApp ya ƙara wa labarin sauri, amma har gobe ɗanɗano ne ke kawo ciniki na biyu.

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun san alkaki da finkaso tun kafin Nasara ya zo. Abin da ya shigo da zamanin Faransawa shi ne haɗa fulawa da ƙwai da bota a gasa su a rufe, tare da dogon burodin nan da mai shayi ke tsagawa kowace safiya. Bayan ambaliyar 1945, lokacin da gari ya tashi daga bakin gulbi ya hau tudu, cinikin gyaɗa ya cika Maraɗi da ma'aikata da fatake, bakin mutane ya saba da sabon abinci. Burodi ya zama aikin maza a manyan gidajen gashi, gato kuma ya shige tsakar gida ya zauna wurin mata.

Wanda bai taɓa tsayawa kan mai gato tana aiki ba zai ɗauka sirrin yana cikin kwaɓi. Yana cikin wuta. Wadda ba ta da tanderun gas ko na lantarki, babbar tukunya take samu ta zuba yashi mai tsabta a gindinta, ta ɗora kan gawayi har yashin ya ɗau zafi. Sai ta jera ƙananan gwangwanaye da ta shafe da mai, kowane da kwaɓi bai kai baki ba, ta rufe, ta kwaso garwashi ta baza bisa marfin. Wutar ƙasa in ta yi yawa, gindi ya ƙone ciki ɗanye. Ta bisa in ta yi kaɗan, fuskar gaton ta fito fari fat, ba mai sha'awar saye. Ba ta da ma'aunin zafi. Tafin hannunta take kai wa kusa da marfi, ta saurari hancinta, in lokaci ya yi ta soka tsinken tsintsiya a tsakiya. Ya fito a bushe, an gama. Yarinyar da ke koyo kan ƙosa ta kai hannu ga marfi, sai ka ji an ce mata, "Bari, ɗiyata, in kin buɗe yanzu zai kwanta." Ita kuma ta ce, "To, Inna," ta koma fiffita gawayi. A haka ake shekara kafin a bar mata tukunya ita kaɗai.

Ko masu tanderun lantarki ba su yar da wannan ilimi ba, kuma sun yi gaskiya. Wutar Maraɗi daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina. Da aka yanke ta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, aka kuma rufe iyakar Ɗan Isa da Jibiya, tukunyar yashi ce ta fitar da mata da yawa kunyar masu buki. Kafin nan ma yaƙin Yukiren na 2022 ya riga ya ɗaga kuɗin fulawa. Mai gato ba ta iya ƙara farashi yadda take so, don mai sayen na dala ashirin ba zai ba da talatin ba. Sai ta rage girman gwangwani, ko ta haɗiye asarar.

Akwai wani gashi na ƙauyen Faransa da nake ganin ya dace da hannun waɗannan mata fiye da manyan gato masu hawa uku da ake kwaikwayo daga hotunan waya. Sunansa kilafuti, asalinsa yankin Limuzan a tsakiyar ƙasar, kuma a ƙarni na 19 ya bazu sauran sassanta. Abincin manoma ne na lokacin da itatuwan sariz suka nuna, wasu ƙananan ƴaƴan itace masu duhun ja da ƙwallo a ciki. Ana shafe kasko da bota, a zuba ƴaƴan itacen kamar rabin kilo, a kwarara musu kwaɓi mai ruwa-ruwa: ƙwai 3 ko 4, fulawa da sukari kowane wajen giram 100, madara kofi guda da ɗan ƙari, da ɗan gishiri. Ba yis, ba dogon bugu. Minti 35 zuwa 40 a matsakaiciyar wuta, ya kumbura, gefensa ya yi ja, a barbaɗa sukari a ci da ɗumi. Mutanen Limuzan ba sa cire ƙwallon, domin yana ba da ƙanshi a cikin zafi, kuma ruwan ɗan itacen ba ya tsiyayewa ya jiƙe kwaɓin. In an sa tuffa ko wani abu daban, sai su kira shi fulonyad. Wato su ma abin da gona ta bayar shi suke sawa.

Sariz ba ya yi a ƙasarmu. Firez, wannan ja mai ɗigo-ɗigo, ana noma shi lokacin sanyi a lambunan Wagadugu da kan tudun Jos, amma ba ya jure tafiya, kwana biyu cikin zafi ya lalace. Mai gato da ta ɗora sana'arta a kansa ta ɗora ta a kan abin da ba ta da iko da shi.

Abin da take da iko da shi yana kwarin Gulbin Maraɗi. Lambunan Tibiri da filin noman rani na Jiratawa su ke ciyar da kasuwannin gari da kayan lambu, ga mangwaro da goba da lemun tsami kowane da lokacinsa. Mangwaro yana shiga wannan kwaɓi lafiya lau, muddin an zaɓi mai tsoka marar zare, wanda bai nuna ya yi laushi ba. A yanka shi ƙanana, a bar shi ya tsane a kwando, a ɗan barbaɗe shi da fulawa kafin a zuba kwaɓi. In ba haka ba tsakiyar ta zama kunu. Zaƙinsa yana son a rage sukari a matsa lemun tsami. Goba sai an cire ƴaƴan cikinta. Wanda kuma yake neman tsamin nan da launin ja da Turawa ke samu a ƴaƴan itacensu, ga zoɓo: a dafa ɓawonsa da sukari har ya yi kauri, a ɗiga shi cokali-cokali a cikin kwaɓin. Farkon damina, lokacin da ƙarshen mangwaro ya haɗu da shigowar ƙwan zabi mai araha, shi ne lokacin da wannan gashi zai fi riba, ga ƙwan zabi da gwaiduwa mai kauri wadda ke ba kwaɓi launi.

Kuma kada a ce gasa ƴaƴan itace baƙon abu ne gare mu. Akurin magarya da mata ke yi a karkarar Nijar, garin ɗan itace ne aka dunƙule aka gasa, maɗi kuma daga ɗinya ake dafa shi. Abin da ke damuna shi ne yadda yarinya za ta kashe jaka biyar kan kala da kirim na gwangwani don gatonta ya yi kama da na hoto, alhali tiren mangwaro na wucewa ta ƙofar gidansu, mai shi na neman wanda zai raba ta da shi kafin yamma.

Gaskiya kilafuti yana da nasa cikas a kasuwar nan. Ba ya kwana. Madara da ƙwai da ɗanyen ɗan itace cikin zafin Afrilu, in ba firij, na safe ba ya kai dare. Ba a tura yaro talla da shi a faranti kamar ƙananan gato masu jure kwana uku. Na oda ne: walimar sauka, buɗa-baki cikin azumi, ko baƙin da aka san sa'ar zuwansu. Mai yi sai ta karɓi rabin kuɗi tun jiya, ta sayi mangwaronta da sassafe, ta hura gawayi sa'a guda kafin mai kabu-kabu ya zo ɗauka.