Kifin Amurka Mai Zane: Abin da Na Gano Kafin In Zuba Kuɗina

'Yan uwa ɗalibai, musamman mu da za mu fita bana, kowa na lissafin abin da zai kama bayan difloma. Ni kiwon kifi na sa a gaba. Kwanakin baya wani abokina ya turo mini bidiyon wani farin kifi mai zane-zane, ya ce, "Malam, rabu da tarwadar nan, ga inda kuɗi yake." Saura kaɗan in yarda. Sai na ce bari in bincika tukuna, don ɗan abin da na tara bai kai na gwaji ba.

Sunansa hybrid striped bass, kuma ɗan ruwa-biyu ne. Ɗaya daga iyayensa, striped bass, ƙaton kifi ne na gaɓar tekun Atlantika da ke hawowa koguna ya yi ƙwai. Ɗayan, white bass, ƙarami ne, mazaunin ruwan daɗi. A jihar Carolina ta Kudu aka fara haɗa su a shekarun 1960. Ɗan ya gaji girman jiki daga wancan, ya ɗauko juriya daga wannan. Ana gane shi da zanen gefensa, wanda ke zuwa a kakkarye.

Manoman Amurka suna kiwonsa mataki uku. Da farko a zuba taki a kandami don ƙananan halittun ruwa su yawaita, su ne abincin jariran na kwana 30 zuwa 45. Daga nan a koya musu cin abincin buhu mai furotin kusan kashi 40 cikin 100. A mataki na ƙarshe a rage musu cunkoso, a ci gaba da ciyarwa har kowane ya doshi kilo ɗaya, abin da kan ci wata 18 zuwa 24. Da wuya ya hayayyafa a kandami, saboda haka duk zubi sai an sayo 'ya'ya daga masu ƙyanƙyasa. Kuma dole a riƙa ware manya da ƙanana, don suna cin junansu. Wannan kam na sani. Lokacin da nake koyon aiki a wata gonar kifi, mun yi sakaci da tantance 'ya'yan tarwada, manyan suka yi wa ƙananan ɓarna sosai.

To ina gizo ke saƙar? A iska ne. Tarwada tana da wata gaɓa a kanta da ke ba ta damar shaƙar iska a saman ruwa, shi ya sa take jure gurɓataccen ruwa. Shi wannan ba shi da ita, da oksijin na cikin ruwa kaɗai yake rayuwa. Da rana gansakuka na samar da oksijin, da dare kuwa ita da kifin duk zuƙa suke yi, sai ya yi ƙasa gab da asuba. Don haka can sukan kunna injin kaɗa ruwa da dare. Yanzu ka ɗauka an ɗauke wuta ƙarfe biyu na dare, janareta ba mai. Kafin gari ya waye an gama da kai.

Ga kuma zafi. Ya fi girma a ruwa mai ɗumin digiri 25 zuwa 27, alhali ruwa in ya yi zafi oksijin ɗinsa raguwa yake yi. Kowa ya san yadda ƙaramin kandamin siminti ke ɗaukar zafi a watan Afrilu.

Abin da ya fi burge ni shi ne dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Masu ƙyanƙyasa a Najeriya sun daɗe suna haɗa tarwada da ramboshi, a sami ɗa mai saurin girma da juriya, wanda kuma mai saye ya riga ya san ɗanɗanonsa.

Ni dai da shi zan fara, in Allah ya yarda. Kai ma kafin bidiyo ya ruɗe ka, tambayi kanka: ina zan sami iri, wace wuta zan dogara da ita, wa zai saya?