Masu tada wanda ciwo ya kwantar: su wane ne, kuma ina suka koyo?

Mako goma sha huɗu muka yi muna zaman asusu babu ɗaya daga cikin masu ƙidayar kuɗinmu. Hawan jini ne ya kada ta da sassafe tana gaban kaskon ƙosai, hannu da ƙafa na dama suka mutu, baki ya karkace. Da aka sallamo ta daga likita, an ba ta magani, aka ce a riƙa kai ta wajen kine. A gida sai shawara ta rabu. Wasu suka ce iska ce, a nemi mai magani. Wasu suka ce kine ai tausa ce, tausa kuwa ko jikanyarta ta iya, don me za a zuba kuɗin mota?

Mu dai muka buɗe asusun agaji muka biya mata zuwa goma na farko, muka riƙa raka ta bi da bi. A nan, zaune bisa benci muna jira, muka fara kallon waɗannan ma'aikata da kyau, muka kuma dame su da tambaya, kun san mu.

Abin da muka fara ganewa shi ne aikin ya wuce tausa nesa. Ranar farko kinen bai ma matsa mata jiki ba. Ya duba wace gaɓa ke motsi, wace ta ƙage, ina take jin taɓi, ina ba ta ji. Sannan ya juyo kanmu, mu masu rakiya. Ya hana mu jan ta da hannun da ya mutu in za mu tada ta, don kafaɗa tana iya gocewa. Wallahi haka muke ta yi tun ranar da ta faɗi, muna ganin taimako ne. Ya nuna mana yadda ake juya mai kwance kamar kowace awa biyu don kada baya ya yi gyambo, da yadda ake tokare hannu da matashi. Ya gaya mana watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi saurin dawowa, wanda ya ɓata su a kwance yana jiran iska ta sake shi ya yi babbar asara. Daga nan aka shiga koyon zama, koyon tsayuwa, koyon taku tsakanin ƙarafa biyu, kamar yaron goye.

To wa ke koyon wannan, kuma a ina? Kine ba a gadonsa kamar ɗori ko wanzanci. Karatu ne na bayan bak, galibi shekara uku, ana son wanda ya yi fannin kimiyya a lise. Ana koyon sunan kowane ƙashi da tsoka da jijiya, da yadda ƙwaƙwalwa ke aika umarni zuwa yatsa, sannan a yi ta zaman koyo a asibitoci gaban manya. Makarantar ENAM ta Lome a Togo ta daɗe tana horar da kine da masu ƙera ƙafar roba daga ƙasashen Afirka masu aiki da Faransanci, akwai kuma babbar makarantar kine a Kwatano ta Benin. Shi ya sa in kun zauna da tsofaffin hannu a aikin, sau da yawa za ku ji labarin shekarun da suka yi a bakin teku, nesa da fura. Shi wanda ya duba ƴar'uwarmu ɗan manomi ne. Ya ce mana da farko babban likita ya so zama, bai ma san da wannan fanni ba. Abin da ya tsaya masa a rai ƙanensa ne, wanda aka yi wa allurar zazzaɓi a ɗuwawu ta taɓa jijiya, ya tashi yana jan ƙafa. Da yawa cikinmu mun san irin wannan yaro a unguwa.

Akwai na biyu, wanda ko sunansa ba mu taɓa ji ba, ana ce masa ergo. In kine ya damu da ƙafa ta taka, hannu ya ɗaga, shi ergo tambayarsa ita ce: to me za ta yi da su? Za ta iya ɗaura zane da hannu guda? Ta yi alwala, ta zagaya bayan gida ba tare da an riƙe ta ba? Ta koma gaban kasko? Su ne masu naɗa tsumma ko roba a ƙotar ludayi ta yi kauri don yatsun da ba su dunƙulewa, su sa a ƙera kujera mai rami, su ɗaure wa yaron da ya ƙone hannu da madauri don kada fata ta haɗe yatsunsa in tana warkewa. Ku tuna yaran da ke faɗawa wuta lokacin ɗari. Ergo ƙalilan ne ƙwarai a ƙasarmu, shi ya sa kine da mataimakansa ke haɗa aikin biyu a wurare da dama.

Na ukun shi ne maƙerin asibiti, mai auna dungu ya ƙera ƙafar roba, ko takalmin ƙarfe na wanda shan inna ta taɓa. Akwai irin waɗannan ɗakunan ƙira a babban asibitin Yamai da na Damagaram, waɗanda ƙungiyar agaji ta CICR ta tallafa wa. A cikin masu wannan sana'a ana samun waɗanda su kansu da sanda suke tafiya: sun zo neman takalmi suna yara, suka girma suka zama masu ƙera shi. A watan Agusta na 2020 aka bayyana cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, amma waɗanda ta riga ta taɓa suna nan tare da mu, takalminsu yana lalacewa, yana son gyara.

Inda ake samun waɗannan ma'aikata ba ya da yawa, gaskiya. A Danja kusa da Maraɗi an daɗe ana kula da masu kuturta, ana koya musu jiƙa ƙafa da shafa mai da duba tafin ƙafa kullum, tunda ba su jin ƙaya in ta shiga; a nan kuma akwai cibiyar mata masu yoyon fitsari, waɗanda wasunsu doguwar naƙuda ke bari da ƙafa tana ja. Akwai asibitin Galmi a jihar Tawa. A Yamai asibitin yara na CURE, wanda aka buɗe a 2010, yana gyaran jariran da aka haifa da ƙafa a murɗe: ana ɗaure ta da filasta ana sakewa mako-mako, daga baya yaro ya riƙa kwana da takalmi na musamman har wajen shekara huɗu. Amma mace da ke ƙauye mai nisan yini guda a amalanke, ina ita ina zuwa sau biyu a mako?

Wannan giɓi ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, bayan taron Alma-Ata na 1978, ta fito da tsarin kai gyaran jiki cikin gari, wanda ma'aikata ke kira RBC. Ma'anarsa ƙwararre ya horar da mutanen gari, su kuma su bi gida-gida. Ma'aikacin RBC ba sai da bak ba. Ana ɗaukar wanda ya iya karatu da rubutu, wanda gari ya yarda da shi: tsohuwar ɗalibar kwaleji, mai naƙasa da ya san zafin abin, uwar da ta yi shekaru tana renon yaron da sanƙarau ko wahalar haihuwa ta taɓa wa ƙwaƙwalwa. Su ke gano yaron da aka ɓoye a ƙuryar ɗaki, su nuna wa uwa yadda za ta zaunar da shi ta ba shi kunu kada ya shaƙe, su kafa itace biyu a tsakar gida don koyon tafiya, su san lokacin da abu ya fi ƙarfinsu a tura birni. Mu da muka san yadda Mata Masu Dubara ta faro a Maraɗi a 1991, mace guda ta koyo ta zo ta koya wa ƙungiya, wannan tsari ba baƙo ba ne gare mu.

Ga abin da ya fi tsaya mana. A ɗakin da muke zuwa, masu jinya mata sun cika benci, ma'aikaciya mace kuwa guda ce tak, ita ma mataimakiya. Ƴar'uwarmu ta yi zuwa uku tana ƙanƙame da mayafi, ba ta yarda a taɓa mata ƙugu ba sai ranar da aka haɗa ta da wannan yarinya. Mun ji labarin wadda maigidanta ya hana ta komawa sam, don namiji ne ke riƙe ta. Balle matsalar riƙon fitsari bayan haihuwa, wadda akwai motsa jiki na musamman da ke taimaka mata. Wace ce cikinmu za ta buɗe baki ta faɗa wa ɗan saurayi? In ɗiyanmu mata sun ci jarrabawa, ungozoma da malamar jinya da malamar lakwal kawai muke ambata musu. Wannan ƙofa ba ma nuna musu ita don mu ma ba mu san da ita ba.

Ba za mu ce hanya ce mai sauƙi ba. Karatun yana cin kuɗi, gurbin aikin gwamnati ba kullum ake samu ba, aikin kuma na ƙarfi ne, ana ɗaga manya ana durƙuso yini guda, ga haƙurin jiran yatsa ɗaya ya motsa bayan wata biyu. Duk wadda za ta sa ɗiyarta, ta fara zuwa ofishin lafiya na jiha ta tambaya ko gwamnati ta amince da takardar makarantar, kafin ta ɗauki rance. Ta kuma kai yarinyar ta zauna yini ɗaya a ɗakin kine ta gani da idonta ko za ta iya.

Ita mai ƙidayarmu ta dawo zama da sanda mai ƙafa uku. Hannun dama bai gama buɗewa ba, da hagu take jera dala-dala, a hankali, mu kuma muna jira. Ƙosai ɗiyarta ke soyawa, ita tana karɓar kuɗi. Jikanyar tata da aka ce ta iya tausa tana ajin ƙarshe a lise bana, ita ce ta riƙa rubuta abin da kine ya ce a yi a gida, ita ke sa kakarta yi safe da yamma. Uwarta ta kawo maganar rancen karatu gaban ƙungiya, mun sa ta cikin abin da za a tattauna kafin rabon asusu na bayan kaka.