Daga Katako zuwa kunnen duniya: faifai na adana sauti, amma wa zai gaji makaɗan Nijar?

Duk wanda ya shiga kasuwar Katako da ke birnin Yamai, ƙarar guduma ce ke fara yi masa maraba. A nan ne ake narkar da gwangwanayen lemo su zama tukwane, a buɗe tsohuwar ganga ta koma akwati, tayar mota kuma ta zama takalmi. A tsakanin wannan hayaniya, rediyo da wayoyin salula ba sa yin shiru: nan kalangu, can gurmi, gaba kaɗan goge ko molon Zabarmawa.

Kiɗan gargajiyar Nijar ma irin wannan hanya yake bi a yau. Tsofaffin kayan kiɗa na shiga ɗakunan ɗaukar sauti, su fito da sabon fasali, har su kai ga 'yan ƙasar da ke zaune a Faransa, Beljiyam ko Amurka. Sai dai akwai abin da faifai ba ya iya ɗauka, wato hannun da ya iya kiɗan.

Labarin marigayi Malam Maman Barka ya isa misali. Haifaffen Tasker ne a jihar Damagaram, malamin makaranta da ya yi suna da kiɗan gurmi da waƙoƙin Hausa. A shekarar 2002 ya samu tallafin hukumar UNESCO, ya tafi yankin Tabkin Chadi domin koyon biram, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyar da siffarsa ta yi kama da kwalekwale, wanda masunta 'yan ƙabilar Buduma ke girmamawa. Malaminsa Bukar Tar shi ne ake ɗauka a matsayin gwani na ƙarshe da ya rage a lokacin.

Maman Barka ya dawo da biram Yamai, ya kuma kai shi manyan dandamali a ƙasashen waje tare da makaɗin ganga Umaru Adamu. A 2009 kamfanin World Music Network na Ingila ya fitar da faifansa. Da ya rasu a watan Nuwamban 2018, sautin biram ya wanzu a intanet, amma tambayar da ya tafi Tabkin Chadi domin ya amsa ta sake dawowa: wa zai karɓa?

Domin irin wannan aiki ne aka kafa cibiyar horar da makaɗa ta CFPM Alhaji Taya a Yamai a 1989, wadda ke koyar da kiɗa tare da adana kayan kiɗan ƙabilun ƙasar. Daga farfajiyarta ne ƙungiyar Mamar Kassey ta taso a 1995 ƙarƙashin mai busa sarewa Yakuba Mumuni, wanda aka fi sani da Denke-Denke. Ƙungiyar ta haɗa molo, ƙwarya da kalangu da jita ta zamani, abin da ya sa matasan birni suka saurari kiɗan da a da suke yi wa kallon na ƙauye.

Ƙungiyar Tal National kuwa a gaban jama'a ta gina sunanta. Jagoranta Almeida, wanda ya yi aikin alƙalanci, ya tara makaɗa daga ƙabilu daban-daban, suna waƙa da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Tamashek, suna shafe sa'o'i suna wasa a darare da dama na mako a Yamai. Bayan haka ne kamfanin FatCat ya fitar wa duniya da faifansu Kaani a 2013, sannan Zoy Zoy a 2015 da Tantabara a 2018.

Wannan tsari na da dalili. A Nijar waƙa ta fi yawo ta katin memori, Bluetooth da WhatsApp, inda ba ko dala da ke shiga aljihun mai ita. Har wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya tattara irin waɗannan waƙoƙi na cikin waya ya fitar da su a faifai a 2011. Ga mafi yawan makaɗa, abincin yau na fitowa ne daga biki, suna, filin kokawa da kuɗin liƙi. Inda kuma na'urar DJ ta maye gurbin makaɗi a gidan biki, yaron da ke riƙe wa maigidansa ganga ya rasa makarantarsa, domin a nan ake koyon kiɗa da kirari.

A nan ne matasan birni da mazauna ƙetare ke da rawar takawa. Mai aiko da kuɗin biki daga waje na iya cewa a gayyato mai kalangu ko mai gurmi. Mai sauraro a intanet na iya sayen faifan maimakon jiran a turo masa kyauta. Mai zama a Yamai kuwa na iya biyan kuɗin shiga idan an shirya wasa a cibiyar al'adu ta Umaru Ganda.

A Katako, duk maƙerin da ka gani akwai yaro a gefensa yana hura wuta yana kallon hannunsa. Irin wannan yaron ne biram, gurmi da goge ke nema a yau.