Jirgin faiba ma yana nutsewa: abin da za mu duba kafin mu karɓa

Waɗanda data ba ta bari sun saurari shirin wannan makon ba, ga shi nan na rubuto muku kamar yadda muka saba.

Tun bayan abin da ya faru a Nahuce a watan Agustan 2024, lokacin da kwale-kwale ya kife da mutum 20 a nan ƙaramar hukumarmu ta Taura, duk taron matasan da muka zauna sai wani ya miƙe ya ce a nemo mana jirgin faiba mai inji. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Ni ma ina cikin masu wannan kira, kuma shi kansa ministan harkokin teku, Adegboyega Oyetola, ya yi kira ga jihohi su bar jiragen katako su koma na faiba. To amma na lura yawancinmu kallon jirgin faiba muke kamar wani laƙani, wai in dai faiba ce an gama. Shi ya sa yau na ce bari mu buɗe cikinsa mu gani.

Na yi bautar ƙasa a Bayelsa, kuma kusa da masaukinmu akwai wata rumfa da ake ƙera waɗannan jiragen. In na taso aiki can nake zuwa in zauna, tun ina toshe hanci saboda warin har na saba. Abin da na fara koya a wurin ya ba ni tsoro: faiba ta fi ruwa nauyi. Ka ɓalli guntunta ka jefa a bokiti, ƙasa za ta tafi kamar tsakuwa. Katako kuwa yawanci tasowa yake. Wato kwale-kwalen kakanninmu in ya cika da ruwa, sau da yawa yakan tsaya a sama har mutum ya samu abin riƙewa. Jirgin faiban da aka yi wa aikin ha'inci, in ya cika, shi da injinsa sai ƙasan kogi. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yadda ake ƙera shi ba wani sihiri ba ne. Duk wanda ya taɓa ganin masu gyaran bambar mota ya ga ƙaramin misalinsa. Da farko akwai mazubi, kamar dai na bulo, sai dai wannan siffar jirgi ce da shi. A goge cikinsa da kaki don kada aikin ya manne, a shafa wani fenti mai kauri wanda shi zai zama fatar jirgin ta waje. In ya fara kamawa sai a shimfiɗa tabarmar zaren gilashi, a jiƙa ta da ruwan gam ɗin da ake kira rezin, a bi da ƙaramar rola ana dannewa har iskar da ta maƙale ta fita. A sake shimfiɗa wata, a sake jiƙawa, haka dai falle bisa falle. Kowane kilo ɗaya na zare yana shan rezin kilo biyu zuwa biyu da rabi. Shi rezin ba ya daskarewa sai an ɗiga masa wani sinadari, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 kacal. A zafin watan Afrilu irin namu, in ka kwaɓa da yawa kafin ka shafa rabi ya zama dutse a cikin robar, har hayaƙi yakan yi. Don haka mai niyyar gwada wannan sana'a a Jigawa, aikin sassafe ne, a inuwa, kaɗan-kaɗan. Kuma wannan sinadarin in ya faɗa ido yana makantarwa, ba wasa ba.

Ɓawon da ya fito daga mazubi laushi gare shi, in ka taka sai ya lotsa. Sai an ɗora masa haƙarƙari a tsaye da a kwance an lulluɓe su da faiba sannan yake zama jirgi. Wuri mafi shan wahala shi ne allon baya, inda ake rataya inji. A nan ake saka falankin katako mai kauri a tsakiya, a rufe shi ciki da waje. Duk ramin noti da aka huda ba a toshe da kyau ba, ruwa zai bi ya ruɓar da katakon daga ciki, waje kuwa yana ta ƙyalli. Ku ƙwanƙwasa da gindin sukudireba. Lafiyayyen wuri ƙara yake da kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji "dum" kamar kankanar da ta wuce.

Yauwa, mu dawo kan maganar nutsewa, don ita ce ta tara mu. Abin da ke hana jirgin faiba tafiya ƙasa shi ne soson da ake cusawa a ƙarƙashin kujeru da jikin gefuna, a rufe ruf. Ba soson katifa ba, wannan shan ruwa yake. Ba kuma farin nan na cikin kwalin talabijin ba, wanda kowa ya san in fetur ya taɓa shi narkewa yake, har ana liƙe kwanon rufi da shi. Akwai nasa na musamman da ba ya shan ruwa. Lissafin kuma ko ɗan firamare zai yi: lita ɗaya ta iska tana ɗaga kilo ɗaya a ruwa. Faiba ta ninka ruwa nauyi kamar sau ɗaya da rabi, don haka ɓawo mai kilo 300 in ya nutse nauyin kilo 100 ne ke jan sa ƙasa. Ƙara injin doki 40, wanda ya haura kilo 70. Kun ga kafin ma a yi maganar mutanen da za su riƙe shi, ana neman soso wajen lita 200, wato cikin jarka takwas mai lita 25. Sannan inda aka sa shi ma magana ce. In duk a ƙasan daɓe aka zuba, jirgin zai taso amma a kife, cikinsa mai santsi a sama, babu inda tsohuwa ko yaro zai kama. Dole wani kaso ya hau gefuna, can sama.

Wannan shi ne wurin da ɗan kwangila ya fi saurin cin kuɗi, saboda ba a gani. An rufe, an yi fenti, an ɗauki hoto.

Sai maganar gudu. Wani abokina ya turo min bidiyon jirgin da ke tashi sama-sama a Legas, ya ce irin wannan muke so. Na ce malam, ina za ka? Waɗancan cikinsu tsini ne da shi kamar bakin gatari don su yanka igiyar ruwa, kuma suna son zurfi. Namu ruwan daban ne. Kogin Kano da na Challawa ne suka haɗu suka zama kogin Haɗeja, suka biyo ta Wudil da Ringim suka iso mana, ga dam ɗin Tiga da na Challawa a sama. Yau ruwa ya shafe gonaki, bayan wata biyu yashi ya fito a tsakiya. Ga kacalla da ke naɗe farfela. Ga yashin da ke cinye ƴar robar da ke tura ruwan sanyaya inji, shi ya sa direban kirki kullum idonsa na kan ɗan fitsarin nan da inji ke yi ta baya, in ya tsaya a kashe. Mu jirgi mai faɗin ciki muke buƙata, mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, wanda zai ɗauki mata da buhuna da babur ranar kasuwar Gujungu. Injin Yamaha mai doki 15 in an buɗe masa wuta duka yana shan wajen lita 7 a awa, mai doki 40 kuwa kusan lita 20. Wa zai biya? Masu fito za su ƙara kuɗi, mutane su koma tsohon kwale-kwale, sabon jirgi ya zama wurin shanya. Ban da haka, igiyar ruwan da mai gudu ke tayarwa ita kaɗai ta isa ta kifar da ƙaramin jirgin masunci.

Wajen ɗaura injin ma a kula. Akwai mai gajeriyar ƙafa, inci 15, akwai mai doguwa, inci 20, kuma tsayin allon baya ne ke faɗin wanda za a saya. In ƙafar ta yi tsawo tana sharar yashi, in ta gaza farfela na shan iska jirgi na ihu ba ya tafiya. Akwai kuma jar igiyar da direba ke ɗaurawa a hannu, wadda in ya faɗa ruwa take kashe inji nan take. Na sha ganin an naɗe ta a jikin sitiyari an manta da ita.

Ba zan ɓoye muku ba, faiba ba ta maganin lodi. Haɗarin Bagwai a jihar Kano, ranar 30 ga Nuwamban 2021, inda aka rasa aƙalla mutum 29 yawancinsu ƴan Islamiyya masu zuwa Mauludi, lodi ne ya wuce kima. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana tafiyar dare, ta ce kowa ya sa rigar ruwa, amma hedikwatarta tana Lokoja, mu muna nan. Wanda zai iya cewa "ya isa, sauran ku jira sawu na biyu" shi ne sarkin ruwa da mai unguwa da mu da ke tsaye a bakin mashigi.

Don haka ga shawarar da zan kai taronmu na gaba. Duk wanda zai kawo mana jirgi, gwamnati ce ko ɗan siyasa ko kuɗinmu na karo-karo, kafin a yanka kintinkiri a kai shi inda ruwa bai wuce ƙirji ba. A sauke injin, a aza buhunan yashi daidai nauyinsa a baya, a cika jirgin da ruwa har baki a gaban kowa. In ya tsaya a sama kuma bai kife ba, mun karɓa, a rubuta adadin mutanen da zai ɗauka da manyan baƙaƙe a jikinsa, a ja jan layi a gefe wanda in ruwa ya taɓa shi ba mai ƙara hawa. In ya nutse, mai shi ya sa a tsamo masa kayansa.

Masu fito da masuntan da ke bibiyarmu, musamman iyayenmu da suka daɗe a kan ruwan nan, ku faɗa mana mashigan da kuke ganin sun fi buƙata, da watannin da yashi ke hana inji wucewa, don mu haɗa cikin takardar da za mu kai sakatariya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.